Waldar TIG, wadda muke ce wa argon: mece ce ita, kuma me sabon shiga zai saya?

In ka ga relin bene na sitenles, irin mai ƙyallin nan da ake ta sakawa a sababbin gidaje da filaza, ka duba wajen haɗin ka ga ɗinki siriri sumul ba tartsatsi ba ɓawon da za a kankare, to yawanci aikin argon ne. Mu haka muke kiranta, amma a jikin inji da kwalin kaya TIG za ka ga an rubuta. T ɗin Tungsten ne, wani ƙarfe mai masifar jure wuta, I da G kuma Inert Gas, wato gas ɗin da ba ya kamawa da wuta kuma ba ya cakuɗuwa da narkakken ƙarfe. Wasu littattafan su ce GTAW, duk abu ɗaya ne. A Amurka aka fito da ita wajen 1941, wani Russell Meredith a kamfanin jiragen sama na Northrop, lokacin suna fama da yadda za su yi waldar magniziyom, kuma da gas ɗin hiliyom suka fara shi ya sa suka raɗa mata Heliarc, daga baya argon ya karɓe kasuwa saboda ya fi araha.

Toh inda mutane ke ruɗewa shi ne maganar elektrod. Wanda ya taso a waldar lantarki ta bakin titi ya san elektrod geji 12 ko geji 10, irin su 6013, ka maƙala a holda ka buga, ita ce ke kunna wuta, ita ce ke narkewa ta cike haɗin, kuma garin da ke jikinta shi ke ƙonewa ya kare waldar daga iska. Aiki uku sanda ɗaya. A TIG an raba aikin ne gida uku. Tongistin ɗin da ke cikin toci, wato abin da kake riƙewa a hannu kana waldar da shi, shi ne elektrod, aikinsa kawai ya riƙe wuta, ba ya narkewa, don sai zafi ya kai digiri 3,422 yake narkewa, duk cikin ƙarafa ba wanda ya kai shi. Abin cike haɗi wata waya ce daban wadda ake ce wa fila, da ɗaya hannun kake riƙe ta kana ɗosawa, wanda ya taɓa yin waldar kabaid irin ta masu gyaran bodi zai gane wannan da wuri. Karewa daga iska kuma aikin argon ne. Kenan abubuwa uku za ka saya, kuma kowanne akwai nasa kuskuren da ke jiran sabon shiga.

Tongistin yana zuwa ne guda goma a ɗan fakiti, tsawon kowanne milimita 150 ko 175, kuma an shafa wa gindinsa fenti, launin nan ba ado ba ne, shi ke gaya maka abin da aka gauraya a ciki. Kore, WP, zalla ne ba gauraye, na alminiyom ne a tsofaffin injina masu tiransifoma, in naka inbata ne, wato injin zamani, ƙyale koren kawai. Ja, WT20, shi ya fi yawa a hannun mutane, yana da toriyom kashi 2 cikin ɗari, yana kunnawa da sauƙi yana riƙe tsini a baƙin ƙarfe da sitenles, amma toriyom yana fitar da radiyeshan, kaɗan ne dai, a aljihu ko a toci ba wani abin tashin hankali, matsalar ita ce ƙurar da ke tashi lokacin fiƙewa wadda kake shaƙa kullum, shi ya sa a Turai da yawa suka bar shi. Ruwan toka, WC20, mai siriyom ne, yana kyau a ƙaramar wuta da siraran kaya. Sai shuɗi WL20 da ruwan gwal WL15, masu lantanom, waɗannan suna yin DC suna yin AC, wato nau'in wuta biyu da inji ke bayarwa, baƙin ƙarfe, sitenles, alminiyom duk suna ɗauka. Ni a ganina sabon shiga ya sayi shuɗi ya huta, in bai samu ba ya ɗauki gwal ko toka, ba sai ya tara kala biyar yana canje-canje yana zargin tongistin alhali hannunsa ne bai faɗa ba tukuna. Kuma ka karanta lambar da ke jikin fakiti kar ka dogara da fenti kaɗai, don tsarin launin ya ɗan sha bamban tsakanin kamfanoni da tsohon kaya.

Kauri kuma biyu sun ishe ka, 1.6 da 2.4. Na 1.6 yana kai ka har wajen amp 150, shi ya dace da fayif ɗin reli da ba ya wuce milimita ɗaya da rabi, 2.4 kuma ya haura 200. Lissafin wuta da ake farawa da shi a baƙin ƙarfe shi ne kusan amp 40 a duk milimita ɗaya na kauri, sitenles a ɗan rage.

Fiƙewa fa, a nan ake gane wanda aka koya wa. Za ka ɗora tongistin a dutsen giranda ta tsawonsa, bakin yana fuskantar inda dutsen ke juyowa, kana murza shi a hankali da yatsu, yadda zanen gurzar zai tafi miƙe zuwa tsinin. In ka fiƙe shi a kaikaice zanen ya zagaye shi, wutar sai ta yi ta yawo ta ƙi tsayawa inda ka nuna mata. Tsawon tsinin ya kai kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na kaurinsa. Dutsen kuma nasa ne shi kaɗai, kar a gurza ƙofa da shi da safe a zo a fiƙe tongistin da rana. Kuma dole za ka tsoma bakin cikin narkakken ƙarfe ko ka taɓa shi da fila, kowa ya yi, da zarar ya faru wutar za ta canza ta bazu, tsaya ka cire ka gurje wurin ka sake fiƙewa, shi ya sa masu dabara ke fiƙe biyar shida su ajiye a gefe kafin su fara.

Fila ita ma lamba gare ta, galibi an buga a ƙarshen kowace sanda, kuma da kilo ake sayarwa, tsawonta kusan mita ɗaya. Ta baƙin ƙarfe ita ce ER70S-2 ko ER70S-6, mai ruwan jan ƙarfe a jiki don kar ta yi tsatsa. Wallahi a nan ake yawan cutar kai, don wayar waldar kabaid ma haka take da ido, ja-ja, wani kuma ya ce ai wayar ɗaure rodi ma ƙarfe ce. Ba ɗaya ba ne. ER70S tana da silikon da manganis da ke tsotse oksijin daga narkakken ƙarfe, waɗancan ba su da isasshe, sai ka ga waldar tana tafasa tana tofi, in ka gurza ka tarar ciki duk ramuka kamar burodi. Sitenles kuwa sai ka san lambarsa, 304 da 201 da suka cika kasuwar reli ER308L ce tasu, 316 sai ER316L, in kuma za ka haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, misali ƙafar reli a jikin faranti, ER309L ake sawa. L ɗin nan na nufin kabon ɗinta kaɗan ne, shi ke rage tsatsa a gefen haɗi. Alminiyom guda biyu ne suka yi suna, ER4043 mai silikon kashi 5, tana gudu da laushi, ita ake yawan sawa a zubabbun kaya irin murfin inji, sai ER5356 mai magniziyom kashi 5, ta fi ƙarfi amma ba a so a sa ta inda zafi zai riƙa dukanta kullum. Kaurin fila kar ya wuce kaurin abin da kake haɗawa, in ta yi kauri tana shiga sai ta sanyaya wurin, kai kuma ka ƙara wuta ka ɓula fayif.

Gas ɗin argon zalla za ka ce a ba ka. Akwai gauraye mai CO2 na wata walda daban da ake ce wa MIG, wannan in ka sa shi tongistin zai ƙone nan take. Regileta mai ɗan gilashi da ƙwallo ta fi, ka saita tsakanin lita 6 zuwa 10 a minti, kuma buɗe shi da yawa ba ya ƙara kariya, iska yake jawowa ciki ga asarar kuɗi. Abin da ya fi shafar mu shi ne wurin aiki, masu waldarmu sun saba da bakin titi, to TIG ba ta son haka, iskar hunturu ko fanka kaɗai ta isa ta kwashe gas ɗin, sai ka kange da langa-langa ko filawud. Amma kuma argon ya fi iska nauyi, ba wari ba launi, a cikin tanki ko rami yana taruwa ya kore iskar numfashi, mutum ya sume bai sani ba, wannan ba wasa ba ne.

Kafin ka biya kuɗin inji ka duba, in an rubuta DC kaɗai to baƙin ƙarfe da sitenles zai yi maka, alminiyom sai mai AC/DC, dalili kuwa alminiyom yana narkewa a digiri 660 amma fatar da ke samansa sai ta haura 2,000, AC ɗin ne ke fasa ta. A DC toci a negatib ake jona shi, wayar at, wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake haɗawa, a fozitib, in ka juya su za ka ga bakin tongistin ya dunƙule ya narke cikin daƙiƙu. Toci lamba 17 ya isa koyo, yana ɗaukar amp 150. Ka sayi kolet, ɗan abin da ke matse tongistin, daidai da kowane kauri, da kofin tangaran na bakin toci, inda gas ke fita, lamba 5, 6 da 7 fiye da ɗaya-ɗaya don faɗuwa ɗaya suke fashewa.

Sauran tsafta ce. Tsatsa, fenti, mai, baƙin ɓawon sabon ƙarfe, waldar lantarki tana haƙuri da su, TIG ba ta yi, sai ka gurje har ya yi fari ka goge da asiton, filar ma a goge ta. Burushin sitenles daban, wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, in ba haka ba bayan damina relin ya fito da ɗigon tsatsa mai gida ya kira ka. Kar ka wanke da feshin wanke birki mai kulorin, hasken walda yana mayar da shi guba mai suna fosjin. Baƙin tabarau kuma ba ya aiki a nan, hular walda mai duhu 9 zuwa 13, riga mai dogon hannu, safar hannu ta fata mai laushi yadda za ka iya tura fila da yatsu.

Ranar farko ka samu guntun faranti milimita 3, ka ajiye fila a gefe, ka koyi jan narkakken wurin a miƙe da tazarar milimita biyu zuwa uku tsakanin tsini da ƙarfe. In ka saki maɓalli kar ka ɗauke toci, bar gas ya ci gaba da fita daƙiƙa biyar zuwa takwas, sannan ka duba bakin tongistin, in yana nan fari yana ƙyalli gas ya wadata, in ya yi shuɗi ko baƙi ka ƙara lokacin ko ka bi tiyo da ruwan sabulu ka nemo inda yake yoyo.