Dokar ƙwaya ta Fotugal: abin da ta sauya da abin da ta bari yadda yake

Duk inda aka taso da muhawarar yadda ya kamata hukuma ta bi da masu shaye-shaye, sai an ambaci Fotugal. Wasu su ce ƙasar ta halatta ƙwaya, wasu su ce ta gano maganin matsalar dungurungum. Dokar kanta, mai lamba 30 ta shekarar 2000, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2001, ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A ƙarshen shekarun 1990 an ƙiyasta cewa kusan mutum dubu ɗari ne ke ta'ammali da hiroyin a ƙasar, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane ɗari. A unguwar Casal Ventoso ta birnin Lisbon a fili ake saye, a fili ake tsira allura, sirinji ɗaya yana zagaya hannuwa da yawa, ƙanjamau na bin sa. Gidajen yari sun cika da masu laifin ƙwaya. Gwamnatin António Guterres ta kafa kwamitin masana a 1998, cikinsu har da likita João Goulão, kuma shawararsu ce ta haifi dokar.

Ga abin da ta tanada. Saye, riƙewa ko shan ƙwaya don amfanin kai har yanzu haramun ne, amma an fitar da shi daga sahun laifukan da ake gurfanar da mutum a kotu a kansu, an mai da shi saɓa ƙa'ida irin wadda hukuma ke hukuntawa ba tare da alƙali ba. Ba ɗauri, ba sunan mutum a kundin masu laifi. Wannan na biyun ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin tabon kundin laifi shi ke hana mutum aiki shekaru bayan ya daina sha, rashin aikin kuma ya sake tura shi inda ya fito.

Ma'aunin da ke raba mai sha da dillali shi ne abin da mutum ɗaya zai sha cikin kwana goma. An ƙayyade shi da giram: hiroyin giram 1, hodar iblis giram 2, ganyen wiwi giram 25, daskararren ƙaron wiwi giram 5. Fatauci yana nan a matsayin babban laifi ƙarƙashin dokar 1993, ɗaurin shekara 4 zuwa 12, ƙaramin fatauci kuma shekara 1 zuwa 5. Noman wiwi ma, ko don kai ne, bai shiga sassaucin ba.

Wannan ma'auni ya jawo rikici. Mutumin da ƙwaya ta ci ƙarfinsa yakan sha fiye da abin da lissafin ya ɗauka, don haka giram ɗaya da rabi a aljihunsa ba lallai ya nuna sayarwa yake yi ba. A 2008 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa wanda ya haura kason kwana goma ya aikata laifi ko da don kansa ya riƙe, aka ci gaba da hukunta masu sha ta wannan kafa. Sai a 2023 majalisa ta gyara, ta ce haura kason alama ce kawai da za a bincika, ba hujja ce ta fatauci ba.

Idan ɗan sanda ya kama mutum da abin da bai wuce kason ba, zai ƙwace ƙwayar, ya rubuta bayanansa, ya tura shi gaban wani kwamiti cikin awa 72. Sunan kwamitin da harshensu yana nufin mai janye mutane daga shaye-shaye, kuma kowane lardi yana da nasa. Doka ta tsara shi da mutum uku: masanin shari'a ɗaya, sauran biyun daga cikin likitoci, masana halayyar ɗan'adam ko jami'an jin daɗin jama'a. Ɓangaren lafiya ne ke kula da shi. Kafin zaman, ma'aikatan kwamitin sukan zauna da mutumin su yi masa tambayoyi: me yake sha, tun yaushe, sau nawa a mako, yana da aiki, ina yake kwana, wa ke tare da shi. Zaman kansa a ofis ake yi, kewaye da tebur, ba akwatin tsayuwar wanda ake tuhuma.

Tambaya ɗaya ce ke juya komai: ƙwayar ta kama shi ko ba ta kama shi ba? Wanda ba ta kama ba, kuma karonsa na farko ke nan, ana jingine maganarsa, in bai sake ba a rufe. Yawancin shari'o'in a nan suke ƙarewa, kuma galibinsu na wiwi ne. Idan ya maimaita, ana iya cin sa tara, wadda ke farawa daga yuro 25, ko a sa shi aikin al'umma, ko a hana shi zuwa wasu wurare da hulɗa da wasu mutane, ko a ce ya riƙa kai kansa wani ofis lokaci-lokaci, ko a dakatar da lasisin sana'arsa.

Wanda kuwa ta kama, doka ta hana a ci shi tarar kuɗi. Hikimar a bayyane take: mutumin da ke neman kuɗin allurar gobe, in ka ɗora masa bashin hukuma, sata ka tura shi. Abin da ake yi shi ne a nuna masa hanyar jinya, in ya yarda a jingine maganar. Ba a tilasta masa. Kwamitin ba shi da ikon tsare kowa, kuma wannan shi ne ƙarfinsa da rauninsa a lokaci guda: mutane suna faɗin gaskiya saboda ba sa tsoron ɗauri, amma wanda ya ƙi zuwa, abin da za a iya yi masa kaɗan ne.

Me bincike ya nuna? Sababbin masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura sun haura dubu ɗaya a 2001, zuwa 2012 sun koma ƙasa da 60. Kason fursunonin da ke ɗaure kan laifin ƙwaya ya sauko daga sama da kashi 40 cikin ɗari zuwa kusan rabin haka. Mace-macen da ƙwaya ke haddasawa sun kasance cikin mafi ƙaranci a yammacin Turai. Ambaliyar sababbin masu sha da aka yi ta tsoro ba ta zo ba. Caitlin Hughes da Alex Stevens, waɗanda suka yi nazarin sakamakon a 2010, sun ja kunne cewa ba za a jingina wannan duka ga dokar ita kaɗai ba, kuma gaskiyarsu. Musayar sirinji a kantunan magani ta fara tun 1993. A daidai lokacin dokar aka faɗaɗa ba da metadon, maganin da ake ba masu shan hiroyin a madadinta, aka ƙara cibiyoyin jinya, aka tura ma'aikata bin masu sha har inda suke kwana. Dokar ta buɗe ƙofa ne, waɗannan su ne ɗakin da ake shiga.

An ga haka ƙarara lokacin da kuɗi suka ja baya. A 2012, cikin matsin tattalin arziki, aka rushe hukumar da ke riƙe da aikin gaba ɗaya, aka rarraba jinyar ga hukumomin lafiya na yankuna. Jiran gado ya tsawaita, ƙungiyoyin da ke aiki a titi suka rasa tallafi, daga baya shan ƙwaya a fili ya sake bayyana a Lisbon da Porto. A 2024 aka sake haɗa aikin ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Jihar Oregon ta Amurka ta ɗauki rabin tsarin. Daga Fabrairun 2021 wanda aka kama da ƙwaya kaɗan takardar tarar dala 100 ake miƙa masa, a yafe masa in ya buga wata lambar waya aka tantance shi. Babu kwamitin da zai zauna da shi ido da ido, kuɗin jinya sun makara wajen isa cibiyoyi, ga fentanil, ƙwaya mai ƙarfi fiye da hiroyin, ya mamaye kasuwa a daidai lokacin. Ƙalilan ne suka buga wayar. Majalisar jihar ta mayar da riƙe ƙwaya cikin laifuka daga 1 ga Satumba 2024.