Bayan lisansi: a zarce masta ko a nemi aiki?

Wa masta ta zama wa dole?

Wanda yake son koyarwa a jami'a ko aikin bincike a ma'aikata irin INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, babu makawa sai ya yi. A tsarin LMD (lisansi-masta-doktora) da jami'o'in Nijar ke bi, lisansi, wato digirin farko, shekara 3 ce, masta 2, doktora 3, kuma ba a shiga doktora sai da masta. Amma wanda burinsa buɗe shagon gyaran sola ko sayar da iri da taki a Maradi, shekara biyun nan sun fi masa amfani a bakin sana'a. Mafi yawan masu nadama su ne waɗanda suka yi rajista don kawai kada a gan su zaune a fada.

Mi ake dubawa wajen ɗauka?

Takardun maki na shekaru ukun duka, ba na ƙarshe kaɗai ba. Mai matsakaicin maki 12 bisa 20 zuwa sama ya fi samun hanya. Mai 10 da ɗoriya, musamman in ya maimaita aji, sai ya haɗa da shaidar staji mai kyau. Gurabe kaɗan ne.

Ina ake maƙalewa?

A shekara ta biyu. Shekarar farko darasi ne da jarrabawa, abin da ɗalibi ya saba. Ta biyu kuwa ta memuwar ce, wato kundin binciken da ɗalibi ke rubutawa, kuma nan ne shekara biyu kan koma uku ko huɗu. Dalili na farko malami mai kula da aikin: in ɗalibai sun yi masa yawa, babi guda sai ya kwana wata biyu bai dawo ba. Kafin ka biya kuɗin rajista, ka nemi waɗanda suka yi sutanas (kare memuwar gaban alƙalai) a hannunsa, ka tambaye su wata nawa suka jira.

Na biyu damina. Ɗalibin sashen noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da zai gwada irin gero ko wake a gonar da ƙuduji ya kama, yana da Yuni zuwa Satumba ne kawai. In ba a amince da taken aikinsa ba kafin ruwan shuka, ko iri bai zo ba, ya jira baɗi ke nan. Saboda haka a gama maganar take, fili da iri tun watan Afrilu.

Na uku kuɗin binciken kansa: man babur zuwa ƙauyuka, awon ƙasa a labo, buga kwafi na alƙalan sutanas. Kusan babu mai saka waɗannan a lissafin farko.

To bursi fa?

Hukumar ANAB ce ke kula da ita, amma samunta a lisansi ba ya nufin za ta bi ka masta kai tsaye. Ka je ka ji sharuɗɗan shekarar, kuma ka tanadi abin da zai riƙe ka wata shida ko da biya ya yi jinkiri.

A Maradi, Yamai ko ƙetare?

Ka bi fannin. Kimiyya da fasaha, noma da muhalli, Maradi tana da su, ga abincin gida in kai ɗan garin ne. Wasu fannonin sai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, inda haya ke cin rabin guzuri. Katsina, Kano da Zariya suna kusa, sai dai karatu da Ingilishi ne, kuma digirinsu na farko aƙalla shekara 4 ne, don haka sau da yawa sukan sa mai lisansi ya fara da difloma ta share fage. Makaranta mai zaman kanta kuwa, ka nemi ganin takardar izinin gwamnati ta wannan fannin takamaimai, ka duba ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun digiri, ta amince da shi.

Za a iya jinkirtawa?

Sosai. Wanda ya yi sabis sibik (aikin bautar ƙasa) ko aikin shekara biyu yakan dawo da tambayar da ya gani da idonsa, wani lokacin ma da ma'aikatar da za ta ɗauki nauyin binciken. Abin lura shi ne ƙa'idar shekaru: bursi da yawa na waje suna da iyaka, a karanta ta tun yanzu.