Gara a gida: danshi take bi, shi za a fara tarewa

Da ruwan farko ya sauka a Jos, wajen watan Afrilu, shinge kan yi dafifi a gindin fitila, yara na ta kamu. Shingen nan gara ce mai fiffike da ta fito neman wurin kafa sabon gida. Idan aka wayi gari da tarin fukafukai a cikin ɗaki, a bakin taga ko bayan ƙofa, to maigida ya tashi ya duba gidansa.

Garar da ke cin gidajenmu a ƙarƙashin ƙasa take zaune, kuma jikinta ba ya jure bushewa. Shi ya sa take yi wa kanta siririyar hanya da laka tana bin bango har ta kai katakon rufi. Ka fasa hanyar kaɗan, ka dawo bayan kwana 3. In ka tarar an gyara, suna nan. Ka ƙwanƙwasa gimshiƙin ƙofa da katakon silin: wanda ya yi ƙarar fanko, an cinye cikinsa.

Mu duba-gari, abin da muka fi tararwa shi ne danshi a gindin bango: indararo na zuba a jikin gini, makwararar banɗaki ta toshe, an jingina itacen girki da kwalaye da katanga. Abinci da ruwa ke nan a wuri ɗaya. A gyara magudana, a ɗaga itace daga ƙasa, a tone kututturen da ke tsakar gida.

Ginin laka ya fi son lura, domin ciyawar da ake cuɗawa da ƙasa abincin gara ce. Dutse ba ya yi mana wuya a Filato, saboda haka mai sabon gini ya ɗora harsashi da dutse da siminti har ya ɗaga sama da ƙasa, yadda hanyar gara za ta fito fili. Masu shafe bangon laka da siminti kuwa su riƙa ƙwanƙwasawa, don idan shafen ya rabu da bango, a bayansa take ɓuya. Azarar giginya tana da juriya, amma katakon da ka sayo a Kasuwar Katako sai an shafe shi da maganin katako kafin kafinta ya hau da shi, har da inda zarto ya yanka.

Watsa wa waɗanda ake gani fiya-fiya ba ya ƙarar da su, tunda uwar tana can ƙasa tana zuba dubban ƙwai kullum. In ta kama sai an zuba magani a harsashi, a nemo ƙwararre, a tabbatar maganin na ɗauke da lambar NAFDAC, a kuma nuna masa inda rijiya take kafin ya fara, don kada dafin ya gangara cikin ruwan sha. Ragowar kuma kada a juye shi a gorar lemo, yaro ba zai bambance ba.