Iskar asibiti: tambayoyi da amsoshi ga masu kula da gini da kayan aikin asibiti

In aka ce mai kula da ginin asibiti, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne janareta da ruwa da lifta, to amma akwai wasu bututun tagulla da ke kwance cikin bango da saman silin waɗanda ba mai ganinsu, kuma da su majinyaci ke numfashi. Ga tambayoyin da aka fi yi min kan horon da manajoji ke bukata a wannan fanni.

Wai in an ce iskar asibiti, oksijin kawai ake nufi?

A'a, oksijin dai shi ne babba. Akwai iskar numfashi wadda kwampreso ke matsowa a tace ta a busar da ita, akwai naitiros oksaid da ake amfani da shi wajen sa barci da rage zafin ciwo, akwai kabon dayoksaid da ake hura ciki da shi a tiyatar da ake yi da kyamara, sai iska mai ƙarfi ko naitirojin da ke juya kayan aikin tiyatar ƙashi. Layin zuƙa ma, wanda ke janye jini da majina, cikin wannan lissafi yake, haka layin da ke kwashe ragowar iskar sa barci daga ɗakin tiyata. A Ingila matsin layin oksijin yana kan bar 4 (bar ma'aunin matsin iska ne), na kayan tiyata bar 7, a Amurka kuma na oksijin fam 50 zuwa 55 ne a kan kowane inci murabba'i.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne oksijin magani ne. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, har ma babban taronta na 2023 ya zartar da ƙuduri kan samar da shi. Kenan bututun nan da kake kula da shi hanyar ba da magani ce, kamar yadda sirinji yake a hannun nas.

To ai akwai injiniyoyi da ƴan kwangila, me zai kai manaja zaman aji?

Saboda kai ne kake sa hannu a ce aiki ya kammala, kuma in ba ka san me ya kamata a gwada ba, duk takardar da aka miƙo maka za ka karɓa. Dubi abin da ya faru a asibitin Bankstown-Lidcombe da ke birnin Sidni na Ostareliya. A 2015 aka yi aikin saka bututun iska a wani ɗakin tiyata, aka haɗa layin naitiros oksaid da kafar bango (inda ake jona abin ba majinyaci iska) da aka rubuta wa oksijin, ba wanda ya gane. A 2016 aka sa wa jarirai biyu wannan iska lokacin da ake ƙoƙarin farfaɗo da su bayan haihuwa, ɗaya ya rasu, ɗayar kuma ta samu mummunar illa a ƙwaƙwalwa. Likitocin sun jona abin da bango ya ce musu oksijin ne, ba su da hanyar sanin wani abu daban ke fitowa, don iskar ba ta da launi. Bincike ya nuna ba a yi gwajin da ya kamata ba bayan an gama aikin.

Gwajin nan kuwa ba wani abu ne mai wuya ba wallahi, a sa matsi a layi ɗaya kaɗai a sauke sauran, a bi kowace kafa ɗaya bayan ɗaya a ga wacce ke fitar da iska, sannan a sa na'urar auna oksijin a bakin kowace a tabbatar abin da ke fitowa shi ne abin da aka rubuta. Kowace kafa fa, ba wai a gwada uku a ce sauran ma haka suke ba. Manajan da ya yi kwas ya san wannan, zai tsaya a kai a yi a gabansa, wanda bai yi ba kuma zai ga fenti ya yi kyau ya ce a buɗe ɗaki.

Wane irin kwas ake yi, kuma kan wace ƙa'ida?

Ya danganta da ƙa'idar da ƙasar ke bi. A Amurka NFPA 99 ce dokar gine-ginen kiwon lafiya, sai jerin ASSE 6000 da ke raba ma'aikata: 6010 na masu saka bututu, 6020 na masu duba aiki, 6030 na masu gwajin ƙarshe su tabbatar, 6040 na masu kula da gyara, 6005 kuma ilimin gaba ɗaya ne ga wanda ba shi zai riƙe sifana ba amma dole ya fahimci tsarin. A Ingila HTM 02-01 ake bi, wadda ta fito a 2006, kashi na farko kan zane da sakawa, na biyu kan tafiyar da tsarin yau da gobe, kuma a can akwai mutum guda da aka ba izini a rubuce wanda ba a taɓa bututu sai da takardar izinin aiki daga hannunsa, akwai kuma mai kula da ingancin iskar, yawanci masanin harhaɗa magunguna ne. Ƙasashe da yawa kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 7396-1 suke bi.

Ni a ganina abin da ya fi muhimmanci a duk waɗannan shi ne wanda ya yi aiki ba shi zai tabbatar da aikinsa ba. In ɗan kwangila ya ce shi zai kawo nasa mai gwajin daga cikin yaransa, ka ƙi.

Shin oksijin yana kamawa da wuta ne?

Shi kansa ba ya ci, amma yana sa komai ya ci da sauri da zafi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, da zarar ta wuce 23.5 ana ɗaukar wurin a matsayin mai haɗari, zanin gado da katifa da gashin kai da tufafin ma'aikaci duk sai su zama kamar an jiƙa su da fetur. A watan Afrilun 2021 gobara ta tashi a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza bayan fashewar silindar oksijin a sashen masu korona, aƙalla mutum 82 suka mutu, ba a yi wata uku ba wata ta sake tashi a wani asibitin a Nasiriyya.

Mai da giris su ne manyan abokan gaba. Kar a shafa wa regileta (abin da ke rage matsin iskar silinda) ko bawul mai don ya yi laushi, kar a taɓa bakin silinda da hannun da aka shafa wa man shafawa, in an yi amfani da sinadarin wanke hannu mai barasa a bari ya bushe tukuna. Kuma a buɗe bawul a hankali, domin in ka buɗe shi farat ɗaya iskar na shiga regileta da ƙarfi ta matse wuri guda ta yi zafin da zai iya kunna ɗan dattin da ke ciki. Wajen haɗa bututun tagulla da wuta ma, sai ana hura naitirojin a ciki yayin aikin, in ba haka ba baƙin ɓawo ke taruwa a cikin bututun daga baya ya biyo iska ya toshe kafa ko ya shiga na'urar numfashi.

Me ya kamata a riƙa dubawa kullum?

Ka taka da ƙafarka. Ka fara da inda iskar ke fitowa, ka karanta gejin tanki da na layi ka rubuta, ka duba silindun ajiya a cike suke kuma a jone, don ISO 7396-1 ta ce a samu tushe uku, na farko da na biyu da na ko-ta-kwana. Ka shiga ɗakin kwampreso ka ga na'urar busar da iska tana aiki, ka ga inda yake shaƙo iska daga waje ba kusa da salansar janareta ko wurin da motoci ke tsayawa ba, a ƙa'idar NFPA 99 ƙararrawa na bugawa in kabon monoksaid, wato gubar da ke cikin hayaƙin inji, ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Ka danna maɓallin gwaji na allon ƙararrawa ka ji ƙararsa da kunnenka, ita ma an saita ta ne ta buga in matsi ya hau ko ya sauka da kashi 20 cikin 100.

Na taɓa shiga wani ɗakin majinyata na tarar an manna filasta a kan lasifikar allon ƙararrawa, jar fitila na ta ƙyaftawa ba wanda ke kallo, na tambayi nas ta ce ai kullum haka take yi tana hana marasa lafiya barci, sun kai ƙorafi ba a zo ba. Ban ga laifinta sosai ba, laifin na wanda aka kai wa ƙorafin ne. Da aka bincika wata kafa ce a bayan gado take yoyo, in ka kai kunne kusa za ka ji tana huci siriri, robar cikinta ta cinye.

Wa ke da ikon rufe bawul ɗin sashe in gobara ta tashi?

Wannan a rubuta shi tun kafin ranar. Kowane sashe yana da akwatin bawul a bango, a waje da ɗakunan da yake ba iska, kuma rufe shi na nufin duk wanda ke kan oksijin a ɗakunan ya yanke, shi ya sa yawanci babbar nas ko likitan da ke kan aiki ne ke yanke hukunci bayan an tanadi silindun hannu. Naka aikin shi ne rubutun jikin akwatin ya dace da ɗakunan da yake rufewa a yau, domin ana rushe bango a canza lambar ɗaki a manta da shi, kuma kar a jingina kabad ko keken majinyaci a gabansa.

Tanki a cike yake, me zai sa iska ta kasa isa?

Korona ce ta koya wa asibitoci da yawa wannan. Majinyaci na yau da kullum yana shan lita 2 zuwa 15 a minti, amma na'urar hanci mai ƙarfin gudu tana iya kai wa lita 60, to in ka jera irinsu da yawa a sashe guda bututun ba zai iya ɗauka ba, gadon ƙarshen layi sai matsi ya faɗi. Oksijin na ruwa kuma ana ajiye shi ne a kusan digiri 183 ƙasa da sifili, lita ɗaya tana zama kusan lita 860 ta iska, kuma sai ya bi ta cikin wasu ƙarafa masu fukafukai kafin ya zama iska, in an ja da yawa ƙanƙara na lulluɓe su fari fat har su kasa aiki. A Afrilun 2020 asibitin Watford a Ingila ya nemi mutane su daina zuwa sashen gaggawa saboda matsalar tsarin oksijin ɗinsa. A Nashik ta Indiya kuma, Afrilun 2021, yoyo ya ɓarke a tanki lokacin da ake cika shi, iska ta yanke kusan rabin awa, aƙalla majinyata 22 suka rasu.

Don haka ka san lita nawa a minti tsarinka zai iya bayarwa gaba ɗaya da kuma a kowane sashe, ka faɗa wa likitoci kafin su ƙara gadaje. In injin tace oksijin daga iska kuke da shi, wanda ke ba da kusan kashi 93, to ka tuna da wutar lantarki yake rayuwa, sai da silindu a bayansa.

Launin silinda ya isa a gane abin da ke ciki?

Bai isa ba. Kafaɗar silindar oksijin fara ce a ƙa'idar ISO, a Amurka kuma kore ce, ka karanta rubutun jiki kawai. Kar a yarda a fasa ƴan ƙusoshin da ke hana regileta shiga silindar da ba tata ba, ko a yi wa kafa adafta. A ɗaure silinda da sarƙa, a raba cikakku da waɗanda suka ƙare, kuma ta ƙarfe ba ta shiga ɗakin hoton MRI, a 2001 a jihar New York maganaɗisun na'urar ya fizgo wata ta bugi yaro ɗan shekara 6 ya rasu.

In na gama kwas na karɓi satifiket shikenan?

Ana sabuntawa, a tsarin Ingila mai riƙe da izinin yana komawa horo duk shekara 3, NFPA 99 ma ana fitar da sabon bugu kusan duk shekara 3. Da ka dawo ka ɗauko zanen bututun asibitinka ka bi shi ɗaki ɗaki ka gyara inda ya saɓa da abin da ke bango, ka koyar da masu ɗaukar silinda da nas-nas, musamman ƴan aikin dare don su aka fi mantawa da su wajen horo. Sai ka zaɓi wani dare da ƙarfe 2 ka je sashe ka tambayi wanda ke kan aiki ya nuna maka akwatin bawul, ya faɗa maka silinda nawa ke kusa da shi, da lambar wa zai kira in jar fitila ta kama.