Dokar binciken mai sayen bindiga a Amurka da abin da ya hana a gyara ta

Duk wanda ya shiga shagon dillalin bindigogi mai lasisi a Amurka, ba a miƙa masa makami sai ya cike takarda, an kuma tura bayanansa ga ma'ajiyar da hukumar FBI ke kula da ita tun 1998. Idan an taɓa yanke masa hukunci kan babban laifi, ko kan cin zarafin iyalinsa, ko kuma kotu ta taɓa tura shi asibitin masu taɓin hankali, to ciniki ya rushe. Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar Brady ta 1993, wadda ta ci sunan James Brady, kakakin Shugaba Ronald Reagan da harsashi ya naƙasa a harin da aka kai wa shugaban a 1981.

Sai dai dillalai kaɗai dokar ta ɗaure. Mutumin da ya ɗauko bindigarsa daga gida ya sayar wa baƙo, ko a wurin baje kolin makamai ko ta intanet, dokar tarayya ba ta wajabta masa binciken kowa ba, sai fa idan jiharsa ta kafa tata ƙa'idar kamar yadda Kalifoniya ta yi. Haka kuma idan kwanakin aiki uku suka cika ba a kammala bincike ba, dillali na da damar sallamar mai saye da bindigarsa.

Galibi akan ɗora laifin rashin toshe wannan kafa a kan gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, wanda Kotun Ƙoli ta ce a 2008 ya ba mutum 'yancin ajiye bindiga a gidansa. Amma hukuncin bai haramta bincike ba. A ganina, a Majalisar Dattawa gizo ke saƙar. Bayan an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a Disamban 2012, sanatoci biyu daga jam'iyyu biyu, Joe Manchin da Pat Toomey, sun kawo ƙudurin faɗaɗa binciken. Ya samu ƙuri'a 54 cikin 100 a Afrilun 2013, amma duk da haka ya faɗi, domin al'adar majalisar tana buƙatar 60 kafin irin wannan ƙuduri ya wuce. Ga shi kuma kowace jiha sanata biyu gare ta, Wayomin mai mutum ƙasa da 600,000 daidai take da Kalifoniya mai kusan miliyan 39.

Sai da aka sake kashe ɗalibai 19 da malamai 2 a Uvalde ta jihar Texas a 2022 sannan majalisa ta motsa. Dokar da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar ta tsaurara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta kuma ware wa jihohi kuɗin aiwatar da dokokin karɓe bindiga na wucin gadi daga wanda alƙali ya ga yana da haɗari. Cinikin gida tsakanin mutum da mutum kuwa, ba ta wajabta bincike a kansa ba.