Saƙon "don Allah kai wa ɗan'uwana" da abin da doka ta ce a kansa

Jama'a wannan ɗabi'a tamu ta karɓar koli, wato ƙunshin saƙo, a tasha ko a ajans, wato kamfanin motocin safa, daga hannun wanda ba ka ma san sunan babansa ba, wallahi tana kai mutane kurkuku. Daga Marwa zuwa Garwa, ko jirgin ƙasan Ngaundere zuwa Yawunde, ko ƙetare gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, ko'ina akwai jandarma da 'yan duwan, wato kwastan, kuma tramol suke nema ido rufe.

A Kamaru dokar da ke hukunta safarar ƙwaya ita ce mai lamba 97/019 ta watan Agusta 1997, ɗauri ne na shekaru ga tarar kuɗi a kai. To amma sashe na 74 na kundin hukunta laifuka ya ce sai mutum ya aikata da gangan, da niyya, sannan laifi ya hau kansa. Kenan wanda aka cusa wa abu a jaka bai sani ba, a doka ba mai laifi ba ne.

Sai dai fa wannan magana gaban alƙali ake yin ta, shi jami'in da ya buɗe jaka abin da ya gani kawai sunanka a jiki da ƙwaya a ciki, za su tsare ka awa 48 ana iya ƙarawa, in an tura ka gidan yari jiran shari'a kuma sai watanni su tafi, kuma kowa da aka kama "ban sani ba" yake cewa, har masu sana'ar.

Alhazai masu tashi daga Garwa, naku ya fi tsanani, don Saudiyya kisa take yi kan safarar ƙwaya. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a can saboda jakar da ba tata ba, wasu ne a filin jirgi suka manna mata sunanta, sai da ta kwashe wata huɗu a tsare kafin a sake ta.

Shi ya sa ka ƙirga jakunkunanka wajen awo, ka duba yawan da aka rubuta da kilo, ka ɗau hoto da waya, ka adana ɗan tikitin kayan nan. Saƙo kuwa ko na yayarka ne a buɗe a gabanka. In an kama ka kana da haƙƙin neman lauya tun a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kar ka sa hannu kan takardar Faransanci da ba a fassara maka ba.