Mene ne Ɗumamar Yanayi, Kuma Me Mutum Ɗaya Zai Iya Yi a Kai?

Ɗumamar yanayi na nufin ƙaruwar zafin duniya baki ɗaya, sannu a hankali, saboda wasu nau'o'in iska da ayyukan ɗan'adam ke tarawa a sararin sama. Zafin bazara ɗaya bai isa a kira shi haka ba, kamar yadda hunturu mai tsanani a Jos ko Agadas ba ya ƙaryata ta. Masana kan tattara awon zafi daga dubban tashoshi a tudu da teku, su fitar da matsakaicin shekara, sannan su gwada shi da na shekarun 1850 zuwa 1900, kafin masana'antu su mamaye duniya. Bisa wannan lissafi, 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi, da ƙarin kusan digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas. A rediyo za ka ji ana musanya ta da "sauyin yanayi", amma wannan ya fi faɗi, domin ya haɗa da abubuwan da ɗumamar ke jawowa: rikicewar damina, ambaliya, fari, da cikar teku.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Hasken rana na ratso sararin sama ya gasa ƙasa, ita kuma ƙasa ta mayar da zafin sama. Wasu iskoki da ke can, musamman kabon-dayoksaid (mu kira ta iskar kabon) da miten da tururin ruwa, sai su tsare wani kaso na zafin, tamkar bargo. Shi kansa bargon rahama ne. Ba don shi ba, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili maimakon kusan 15 da muke rayuwa a ciki. Matsalar ita ce mun ƙara masa kauri. Kafin juyin masana'antu, iskar kabon kusan kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da muke shaƙa. Da aka fara auna ta a kai a kai a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ta kai wajen 315. Yau ta haura 420. Kuma batun ba sabo ba ne: tun 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwar wannan iska za ta ɗumama duniya.

Mafi yawan ƙarin daga ƙona kwal da man fetur da gas yake fitowa, a tashoshin lantarki, masana'antu, motoci da jiragen sama. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin fiye da kilo biyu na iskar kabon. Sai sare dazuzzuka, domin itace ma'ajiyar kabon ce, in aka ƙone ta ta saki abin da ta tara. Miten kuwa daga tumbin shanu take fitowa, da gonakin shinkafa masu kwance da ruwa, da juji, da yoyon bututun gas. Wani ruɗani da ya yi yawa: mutane na haɗa wannan da hujewar lemar ozon, wato shimfiɗar iskar da ke can sama mai tare mana hasken rana mai cutarwa. Matsala ce daban, wadda sinadaran firji da na feshi suka haddasa, kuma tun yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka kama hanyar magance ta.

Wani zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne, tsakanin asuba da azahar ma zafi na hawa fiye da haka. To, wancan matsakaici ne na duniya duka, har da tekuna masu jinkirin ɗaukar zafi. Ɓarnar tana bayyana ne a ranakun da dama can suka tsananta. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5. A Hajjin shekarar, zafi a Makka ya haura digiri 51, alhazai fiye da 1,300 suka rasu. Sannan duk ƙarin digiri ɗaya na sa iska ta riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa ruwan da ya kamata ya sauka cikin mako guda kan zubo a dare ɗaya, ya wanke gona, sannan a yi ta jiran wani. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu.

Sai dai a yi hattara, kada kalmar ta zama mafakar masu sakaci. Ruwa ya yi yawa a daminar 2024, gaskiya ne, amma madatsar Alau da ta ɓalle ta shanye Maiduguri a watan Satumba ta daɗe tana neman gyara. Haka ma Tafkin Chadi: ya ƙafe matuƙa tsakanin shekarun 1960 da 1980, amma farin wancan zamani da janye ruwa don noman rani suna da hannu a ciki, kuma ruwan ya ɗan farfaɗo daga baya. Jami'in da ya ɗora komai a kan sauyin yanayi, a tambaye shi ina aka kwana da kuɗin magudanun ruwa.

Batun abin da mutum ɗaya zai yi kuwa, a ganina yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet ba don mu aka rubuta su ba. Ana ce wa mutum ya rage hawa jirgin sama, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, alhali unguwarsu ta kwana uku ba wuta. Ba'amurke ɗaya na fitar da kusan tan 14 na iskar kabon a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba, ɗan Nijar kuwa ya yi ƙasa da haka nesa. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don haka aikin da ya fi yi mana amfani shi ne wanda zai rage mana raɗaɗin, in ya rage hayaƙi a hanya, falillahil hamdu.

Misali mafi ƙarfi yana jihar Maradi. A farkon shekarun 1980, bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi da gatari. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Ana kiran wannan sassaben zamani, kuma manoma ne da kansu suka yaɗa shi daga gona zuwa gona har Damagaram. An ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya fi kowa cin moriya da bayar da ita, don yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Duk mai gona a Katsina ko Jigawa ko Sakkwato zai iya fara wannan a bana. Bikin dashen itace da ake yi a ɗauki hoto a watse, akuya ta cinye dashen kafin kaka, bai kama ƙafarsa ba.

A cikin gari, murhu ne babban wurin gyara. Murhu mai tsimin itace ko gawayi na rage abin da ake ƙonawa, ya kuma rage hayaƙin da uwargida da goyonta ke shaƙa. Mai hali ya koma gas. Wanda zai iya haɗa sola ya huta da janareta. Kada a zuba shara da leda a kwata, kada a sayi fili a kan hanyar ruwa komai arharsa. Manomi ya saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya nemi iri mai saurin nuna in an ce ruwa zai ɗauke da wuri. A ranakun tsananin zafi a riƙa leƙa tsofaffi da jarirai da masu ciwon suga ko hawan jini, su zafi ke fara kayarwa.

Sauran aikin na gwamnatoci ne, kuma akwai alkawuran da za a riƙe su da su. A yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun amince su tsayar da ƙarin zafin ƙasa da digiri 2, su yi ƙoƙarin kada ya wuce 1.5. Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, amma har yanzu ana ƙona gas a banza a rijiyoyin man Neja Delta, a ƙasar da mafi yawan gidaje ke girki da itace.